Daga Manitoba zuwa Ontariyo: Kwana 30 na Sauya Lambar Mota

A gida mun saba ganin mota mai lambar Legas ta zo Kano ta tsufa, ta wuce daga hannu zuwa hannu, har ranar da za a ja ta zuwa Ƙofar Ruwa a sayar da ita gunduwa-gunduwa, ba wanda ya taɓa tambayar mai ita dalilin da ya sa bai sauya lamba ba. Wasu ma da gangan suke neman lambar Abuja don ado. Inshora kuwa, wadda ta koma naira 15,000 a shekara tun 2023, yawancinmu mun ɗauke ta takardar da ake miƙa wa jami'i a bakin hanya. Da wannan sabo 'yan'uwanmu suke isa Kanada, kuma shi ne yake kai wasunsu ga asarar da ba su taɓa zato ba ranar da suka tashi daga lardin da suka fara sauka zuwa wani.

Kanada ƙasa ɗaya ce mai larduna 10 da yankuna 3, amma a sha'anin mota kowane lardi cin gashin kansa yake yi. Gwamnatin tarayya da ke Ottawa tana kula da ƙa'idar ƙera mota da shigo da ita daga waje. Lasin tuƙi, rajista, lamba, inshora da dokar hanya duk na lardi ne. Ontariyo ta fara ba motoci lamba tun 1903, lokacin da lambar ma ta fata ce, kowane lardi kuma ya gina nasa tsarin a kan tarihinsa da siyasarsa. Don haka mutumin da ya ɗauko iyalinsa daga Winnipeg zuwa Toronto bai nuna fasfo a ko'ina ba, amma motarsa ta shiga hannun wata hukuma dabam, mai wa'adinta da sharuɗɗanta.

Ni wannan hanyar na bi. Kamar 'yan Najeriya da yawa, Manitoba na fara sauka, daga baya aiki ya kai ni Mississauga, kusa da Toronto. Na tuƙo tsohuwar Toyota Sienna ɗinmu ta Kenora, Thunder Bay, Sault Ste. Marie da Sudbury, tafiyar da ta haura kilomita 2,000, mafi yawanta a cikin Ontariyon kanta. Dokar Ontariyo ta ba sabon mazauni kwana 30 ya yi wa motarsa rajista, da kwana 60 ya sauya lasin tuƙi. Wanda ya karanta wannan a gurguje zai ce to, mota tukuna, lasin daga baya. A aikace akasin haka ne, kuma dalilin yana cikin inshora.

Manitoba na cikin lardunan da gwamnati ke riƙe da inshorar mota ta dole. Saskatchewan ce ta fara, a zamanin Tommy Douglas: an kafa kamfanin inshorar gwamnati, SGI, a 1945, dokar inshorar dole ta biyo baya a 1946. Manitoba ta kafa MPI a 1971 a mulkin Ed Schreyer, British Columbia ta kafa ICBC a 1973. A Ontariyo, Bob Rae ya ci zaɓen 1990 da alkawarin yin irin haka, amma a 1991 gwamnatinsa ta janye, inshora ta ci gaba da zama a hannun kamfanoni masu zaman kansu har yau. Abin da wannan tarihi yake nufi ga mai mota shi ne: a Winnipeg wurin wakili ɗaya na Autopac, wato inshorar MPI, za ka je, ka biya, ka fito da rajista da inshora a haɗe. A Ontariyo ofishin rajista ba ya sayar da inshora, kuma ba zai ba ka lamba ba sai ka zo da shaidar inshora daga kamfanin da ke da izinin aiki a lardin. Kamfanin kuma lambar lasin Ontariyo yake so ya gani kafin ya yanke maka farashi na ƙarshe. Ka ga ke nan kwana 60 ɗin lasin sun shige cikin kwana 30 ɗin mota.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai takardu biyu da ya kamata mutum ya karɓa daga MPI tun kafin ya ɗaure kaya. Ɗaya tarihin tuƙinsa ne, mai nuna ranar da aka fara ba shi lasin da laifukan hanya in akwai. Ɗayar wasiƙa ce mai nuna shekarun da ya yi yana da inshora da haɗurran da aka biya a kansa. Ana iya neman su daga nesa, amma mai zaman jiran wasiƙa alhali wa'adi na tafiya ya san zafin abin. A cikin duk takardun da na zo da su, wannan wasiƙa ta biyu ita ce ta fi yi mini amfani a aljihu, domin kamfanonin Ontariyo ba sa ganin kundin MPI kamar yadda suke ganin na junansu. In ba ka kawo hujja ba, sai a lissafa ka a sabon shiga, ko da ka shekara goma kana tuƙi ba ka taɓa goge bamba ba. A haɗa da katin rajistar Manitoba na asali da rasit ɗin sayen motar. Wanda motarsa ta haya ce ta dogon zango, wadda sunan kamfani ke kan takardunta, sai ya nemi wasiƙar izini daga kamfanin, don ba zai iya yi wa dukiyar wani rajista a sabon lardi da bakinsa kawai ba.

Sauya lasin shi ne mafi sauƙi. Ana zuwa cibiyar DriveTest da lasin Manitoba da shaidar suna da ranar haihuwa, a gwada ido, a biya dala 90 na shekara 5, a ɗauki hoto. Ba jarrabawar rubutu, ba ta hanya, ga wanda yake da cikakken lasin da shekara 2 na tuƙi a cikin shekara 3 da suka wuce. Shi za a ba matakin G. Wanda bai cika ba sai a ba shi G2, matakin tsakiya a tsarin da Ontariyo ta kawo a 1994, sai ya yi jarrabawar hanya daga baya, kuma kafin nan inshorarsa za ta fi tsada. Za a karɓe tsohon lasin, don ba a riƙe lasin larduna biyu lokaci guda, a ba ka takardar wucin gadi, katin ya biyo ka ta gidan waya. Kada wani ya yi tsammanin sabon lasin zai wanke shi: larduna suna musayar bayanai, wanda aka dakatar a can a dakace yake a nan.

Sai inshora, inda hankalin kowa yake tashi. MPI ba ta duba shekarun mutum ko namiji ne ko mace. Tana duba motar, da yankin da take kwana, da abin da ake yi da ita, da matsayin direba a ma'aunin tuƙi lafiya. Kamfanonin Ontariyo suna duba wannan duka, su ƙara da shekarunka, da jinsinka, da kilomitar da kake ci a shekara, da lambar gidan waya ta unguwarka. Unguwa kaɗai tana iya ɗaga farashi ko ta sauke shi sosai, kuma Brampton, inda baƙi suka yi yawa, ta daɗe a sahun gaba wajen tsada. Irin motar ma yana da tasiri fiye da da, saboda satar motoci: a 2023 kamfanonin inshora na Kanada sun biya kusan dala biliyan 1.5 a kan motocin da aka sace, mafi yawa a Ontariyo. Ana fitar da da yawa daga cikinsu ta tashar jirgin ruwa ta Montreal, an kuma gano wasu a Ghana da Najeriya. Wannan magana tana yi mini ciwo, domin mu da muke zaune a nan muna biyan kuɗinta kowane wata, muna kuma ɗaukar kunyarta. Mai Honda CR-V ko Lexus RX ko Toyota Highlander ya shirya jin farashi mai nauyi.

Shawarata a nan ita ce mutum ya je wurin dillalin inshora mai hulɗa da kamfanoni da yawa, ya kuma nemi farashi daga wasu wurare da kansa, tun kafin ya sa hannu a kan hayar gida in da hali. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi na diyyar wanda ka yi wa ɓarna dala 200,000 ne, amma yawancin mutane miliyan 1 ko 2 suke saya, kuma ina ganin daidai suka yi. Bambancin kuɗin wata kaɗan ne, diyyar mutumin da ya nakasa kuwa tana iya haura dala 200,000 nesa ba kusa ba, ragowar kuma a wuyanka take. Wanda ya zo da tayoyin hunturu, kamar yadda mutanen Winnipeg da yawa suke zuwa da su, ya faɗa wa dillali, domin tun 2016 doka ta wajabta wa kamfanonin Ontariyo su yi ragi a kansu. Idan an gama, za a ba ka ɗan katin shaida, jaja-jaja, a takarda ko a waya.

A daidai wannan gaɓa ne shaiɗan yake raɗa wa mutane wata dabara. Ƙanin matata ya biyo mu bayan wani lokaci, da ya ji farashi sai ya same ni da daddare.

"Yaya, ni fa ina ganin in bar lambata ta Manitoba. Adireshin abokina yana nan a Winnipeg, in ci gaba da biya a can. Wa zai sani?"

Na ce masa, "Ɗan sanda ba lalle ya sani ba. Amma ranar da ka buge wani a kan babbar hanya ta 401, mai binciken inshora zai sani. Zai tambayi inda kake aiki, inda 'ya'yanka suke makaranta, inda ka yi hayar gida. Me za ka ce masa?"

"To ai ina biyan kuɗina duk wata, Yaya."

"Kana biya a kan cewa kai mazaunin Manitoba ne. Ranar da ta tabbata ba haka ba ne, sun sami hujjar ƙin biya."

Wannan shi ne abin da nake so duk mai karatu ya riƙe, ko ya manta sauran. Tarar rashin sauya lamba ƙaramin abu ce. Babban haɗarin shi ne mutum ya yi ta yawo wata da watanni yana ganin yana da inshora, alhali sharaɗin da aka gina ta a kai ya rushe. Autopac ta mazauna Manitoba ce. Da zarar ka tare a wani lardi, wa'adin da sabon lardin ya ba ka ya ƙare, ƙafarka ba ta kan ƙasa mai ƙarfi. Tuƙi ba inshora a Ontariyo tararsa daga dala 5,000 zuwa 25,000 ce a karon farko, ana iya dakatar da lasin har shekara guda, ban da diyyar da kotu za ta ɗora maka. Haka nan mai zaune a Brampton da ya rubuta adireshin ɗan'uwansa na wani ƙaramin gari don neman sauƙi. Ƙarya ce a cikin yarjejeniya, kamfani yana iya soke ta, kuma wanda aka taɓa soke wa inshora saboda ƙarya zai daɗe yana biyan farashin masu haɗari. Ban da doka ma, akwai haƙƙin mutumin da za ka iya raunatawa, wanda bai san komai game da dabararka ba. Yaron ya ji magana, Allah ya yi masa albarka, ya sauya.

Mataki na gaba shi ne duba lafiyar motar. Duk motar da ta fito daga wani lardi sai ta sami takardar shaidar cika ƙa'idar lafiya kafin a ba ta lamba. Ba kowane gareji ke bayarwa ba, sai wanda gwamnati ta ba izini, kuma tun 2025 ana yin aikin a ƙarƙashin tsarin DriveON, inda makanike yake shigar da sakamakon kai tsaye a kwamfutar ma'aikatar sufuri. Ana duba birki, taya, sitiyari, shokozoba, fitilu, gilashi, madubi, bel, salansa, da ƙarfen ƙarƙashin mota, sannan a zaga da ita a gwada. Gwajin hayaƙi na ƙananan motoci an daina shi tun Afrilun 2019, don haka wannan ba ya cikin lissafi.

Motar da ta sha hunturun Winnipeg tana da wuraren da take faɗuwa. Tsakuwar da ake watsawa a titi da tsananin sanyi suna tsaga gilashin gaba, kuma tsagar da ta ratsa gaban direba ba ta wucewa. Ramukan da ke buɗewa idan ƙanƙara ta narke suna cin ƙafafun mota a hankali, mai ita ba ya ji sai an ɗaga ta sama. Tawa gilashi da birkin baya aka ce sai an sauya. Gwamnati ba ta ƙayyade kuɗin duban ba, kowane gareji da farashinsa, saboda haka a yi ciniki tun farko, a kuma tambayi nawa ne sake dubawa bayan gyara. Ba dole ba ne ka yi gyaran a inda aka duba. In lissafin da aka ba ka ya yi maka yawa, kana da damar kai ta wurin wani makanike. Mai tsohuwar mota ƙwarai kuma ya zauna ya yi lissafi tun yana Manitoba: wani lokaci sayar da ita a can ya fi a tuƙo ta kilomita 2,000 a zo a kashe mata abin da ya fi darajarta.

Takardar lafiyar motar kwana 36 take aiki daga ranar da aka duba. Ba garanti ba ce cewa motar lafiyayya ce, shaida ce kawai cewa a ranar ta cika mafi ƙarancin ƙa'ida. Akwai kuma masu sayen motar da ta yi haɗari a gwanjo su gyara, sana'ar da 'yan ƙasarmu suka iya. Su sani cewa tambarin da aka yi wa irin wannan mota yana manne da lambar shasinta mai harafi da lamba 17, yana bin ta duk lardin da ta je, kuma ana iya neman a duba ƙashin bodinta dabam kafin a yarda ta hau titi.

Da lasin, da katin inshora, da takardar lafiya, da katin rajistar Manitoba, da rasit, da adadin kilomitar da ke kan agogon motar, sai a nufi ServiceOntario, ofishin rajista. In takardu sun cika, aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuɗin kuma bai kai dala 100 ba. Za a tambaye ka yaushe ka sayi motar kuma a hannun wa. Dalili shi ne Ontariyo tana karɓar harajin kashi 13 cikin 100 a kan motar hannu da aka saya, kuma ba ta so mazauninta ya tsallaka wani lardi ya sayo don ya kauce masa. Wanda ya taho da motar da ya riga ya mallaka a cikin kayan ƙaurarsa hukuncinsa dabam ne, rasit ɗin nan shi ne hujjarsa. Za ka fito da koriyar takardar mallaka da lamba biyu, ta gaba da ta baya. Mutumin Manitoba ya saba da biyu. Wanda ya zo daga Alberta, Saskatchewan ko Kebek, inda lamba ɗaya ake sawa a baya, sai ya nemi a ɗaura masa mazaunin lamba a bambar gaba. Lambar taka ce, ba ta motar ba: ranar da ka sayar da motar cire abarka za ka yi. Kuɗin sabuntawa na shekara-shekara na ƙananan motoci an soke shi a Maris na 2022, tun Yulin 2024 kuma lambar da kanta take sabuntuwa ga wanda inshorarsa ke aiki kuma ba a bin sa tara ko kuɗin hanya.

Sai bayan sabuwar lamba ta hau mota ake soke Autopac, ba kafin nan ba. Tunda a Manitoba rajista da inshora abu ɗaya ne, wanda ya yi gaggawar sokewa don ya huta da biya biyu ya kashe lambarsa ke nan, ba shi da halin tuƙa motar ko zuwa gareji. Gara kwanakin su haɗu a biya biyu na ɗan lokaci. Za a mayar maka da ragowar kuɗin watannin da ba ka ci ba. Giɓi kuwa, ko na mako guda ne, dillali zai tambaye ka a kansa.

Wanda ya nufi wani lardi ba Ontariyo ba, kada ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya tafi da su. Alberta kwana 90 take bayarwa, amma takardar dubanta kwana 14 kaɗai take aiki, kuma sai ka fara karɓar fom daga ofishin rajista kafin ka je gareji. British Columbia kwana 30 ne na mota, 90 na lasin, kuma tana yafe haraji ga wanda ya mallaki motar aƙalla kwana 30 kafin ya tare. Lardunan yamma huɗu suna da yarjejeniya a tsakaninsu da take ɗauke wa motar da ba ta kai shekara 4 ba wahalar dubawa. A Kebek hukumar SAAQ ce ke biyan diyyar raunin jiki, kamfanoni na biyan ta dukiya, kuma tayar hunturu dole ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci yana da sassauci a larduna irin su Alberta da British Columbia, muddin ya sanar da mai inshorarsa inda motar take kwana.

Saura abu ɗaya da sababbin zuwa suke mantawa. Kusan dukkanmu a ɗakin ƙasa na gidan wani ko hayar wucin gadi muke fara sauka, bayan 'yan watanni mu koma inda za mu zauna. A Ontariyo kwana 6 doka ta ba mutum ya sanar da sabon adireshi a kan lasin da takardar mota, ana kuma yi ta intanet kyauta. A ranar ce kuma za ka kira dillalin inshora, domin sauyin unguwa yana sauya farashi, ko sama ko ƙasa, kuma adireshin da ke hannunsa shi kamfani zai duba ranar da ka nemi diyya.